A TA DA TSOHUWAR TARAKTA KAFIN A SAYO SABUWA

 Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Ku da kanku kun sha wucewa ta bayan sakatariyar ƙaramar hukuma, kun ga taraktocin da aka jibge can. Tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, kaji na yin ƙwai a kan kujerar direba. To, da kuɗin wa aka saye su? Da kuɗinku ne!

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. A zamanin nan an shigo da taraktoci, an buɗe ofisoshin ba da hayarsu, har an kafa masana'antar Steyr a Bauchi mai haɗa su. Daga 1986 da darajar Naira ta fara zubewa, kayan gyara suka yi tsada, sai aka riƙa jingine mota saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yau batir, gobe taya, jibi an manta da ita.

Masu neman ƙuri'arku za su ce wai waɗannan sun mutu, sai dai a sayo sababbi. Wallahi da yawansu ba su mutu ba. Ku tambayi kowane tsohon makanike. Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, injinta na Perkins mai silinda uku ne, ba kwamfuta a cikinsa, kuma har yau ana samun kayanta. Da sufana da haƙuri ake ta da ita.

Ga yadda ake yi. Ba a fara murza makulli. Sai a zubar da tsohon gas, don ya tara ruwa da datti, a wanke tanki. A juye baƙin mai, a sa sabo, a canja filta. A gwada juya inji da hannu. In ya cije, a cire nozul, a zuba mai a silinda, a bar shi kwanaki ya jiƙa. A wanke lagireto, a duba wayoyin da ɓera ya ci, a fitar da iska daga bututun gas, a sa batir. Sannan a ce bismillah. Wadda ruwan sama ya shiga mata ta salansa, ita ce sai an buɗe inji an canja ringi. Ku duba fa, gwangwanin madara ɗaya da an kifa a bakin salansar da ya hana wannan ɓarna. Ko shi ba a samu mai kifawa ba!

To, me ya sa ba su son gyara? Dalili a fili yake. Sayen sabuwa kwangila ce, akwai kamasho, akwai biki da makaɗa da ɗaukar hoto. Gyara kuwa ladan makanike ne da yaransa, ba abin da zai faɗa aljihun babban mutum. Ga shi in sabuwar ta zo, gonar mai hali take fara zuwa. Kafin ta iso gare ka damina ta yi nisa, kai da iyalinka kun riga kun sha fama da fartanya.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo garinku, kada ku bari ya sallame ku da atamfa da sabulu. Ku tsayar da shi gaban jama'a ku tambaye shi abu uku. Taraktoci nawa ke kwance a ƙaramar hukumarmu? Nawa zai tayar kafin ruwan shuka, kuma makanikan ina zai ba aikin? In an tayar, zai miƙa su ga ƙungiyoyin manoma, a kafe jerin sunaye da kuɗin haya a ƙofar mai gari, kowa ya san ranarsa?

Wanda ya amsa dalla-dalla, ku riƙe shi da maganarsa. Wanda ya hau kame-kame, kun san abin da za ku yi masa ranar zaɓe. Da tsohuwar zuma ake magani, jama'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.