Daɓen katako: a duba bushewa kafin launi

Daɓen katako ya fara ƙwace wa tayil falo da ɗakin kwana a sababbin gidajen Abuja da Kano da Kaduna, kuma ya cancanta. Ba ya ɗaukar sanyin asubar Janairu, yana da daɗin takawa, idan aka kula da shi kuma sai ya tsufa tare da gidan. Sai dai masu saye launi suka fi dubawa, alhali ruwan da ke cikin katakon shi ne abin tambaya na farko.

Katako ko bayan an sare shi yana shan laima daga iska yana kuma fitarwa. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. A Kano laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, ta haura kashi 70 a Agusta. Yawancin katakon da ake saukewa a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa kuwa daga dazuzzukan kudu yake, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara. Wanda ya saya ya shimfiɗa a makon, kafin Fabrairu zai ga layukan sun buɗe har katin banki na shigewa a tsaye, ƙura ta cika ramin. Laifin ba na kafinta kaɗai ba ne, har da gaggawar mai gida. A nemi wanda aka busar a injin busarwa, a jera shi cikin ɗakin da za a daɓe mako ɗaya ko biyu ya saba da iskar wurin, a kuma bar tazarar kamar santimita 1 tsakaninsa da bango. Simintin ƙasa ma sai ya bushe sarai an sa masa kariyar laima.

Sai batun iri. Loko na da ƙarfi, gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Akwai jan katakon sapele, wanda ya ci sunan garin Sapele na jihar Delta. Malaina da obeche sun yi laushi, ƙafar kujera ma sai ta lotsa su. Madobiya kyakkyawa ce, amma saran da aka yi mata don kasuwar Sin ya sa tun 2017 take cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Bai dace falon kowa ya ƙarasa abin da ya rage a daji ba.

A kuma juya samfurin da mai sayarwa ya nuna a dubi gefensa. Wani abin da ake tallatawa da sunan katako hoton katako ne aka manna a kan matsattsen garin katako. Ruwa na shiga bakinsa ya kumbura, babu gyara. Katako na gaske mai kaurin milimita 18 zuwa 20 ana iya goge shi da injin samfefa sau da yawa, a sake banish ya dawo sabo.

Kulawar ce ke karo da al'adar gida. Mai aikin da ta saba kwara bokitin ruwa da omo a kan tayil dole a nuna mata cewa nan tsumma ake matsewa sosai. Buta ba ta kwana a kansa, alwala a banɗaki. Kaskon turaren wuta a ɗora shi kan faranti ko guntun tayil, domin garwashi ɗaya kan bar baƙin tabon da sai samfefa. Yashi kuwa kullum karce banish yake yi a ƙarƙashin tafin ƙafa, shi ya sa cire takalmi a bakin ƙofa, wanda Bahaushe ya riga ya saba, yake da amfani ƙwarai. A ƙara da matakin goge ƙafa da shara da tsintsiya mai laushi. Kicin da banɗaki dai a bar wa tayil.