Kada Mu Jira Sai Ranar Ta'aziyya

Idan aka yi rasuwa a gidan ɗalibi, mun san abin yi: a sanar a asambili, mu bi malamai zuwa ƙofar gidan, mu zauna kan tabarma, a yi addu'a, mu dawo. Hakan yana da kyau. Amma ina muke a makonnin da aka yi ana jinya?

A nan Dutsi, idan ciwo ya tsananta, akan kai mara lafiya Babban Asibitin Daura, ko a wuce Katsina. Wani lokaci likita kan ce an yi iya ƙoƙari, a koma gida. Daga nan aiki ya dawo kan iyali: a dama kunu a ba shi cokali-cokali, a riƙa juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, a wanke zannuwa, a kwana a zaune. Yawanci uwa da 'ya'ya mata ke wannan. Da safe ɗalibar ta makara, a tsare ta a geti. Ta yi gyangyaɗi a aji, mu yi mata dariya. Ba wanda ya tambaye ta yadda ta kwana.

Bayan rasuwa ma haka. Kwana 3 an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, uwa tana cikin takaba ta wata 4 da kwana 10. Yaro ya dawo aji, ana ce masa namiji ba ya kuka. Alhali Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke gab da rasuwa. Kururuwa da yaga tufafi aka hana, ba hawaye ba.

Wasu za su ce jinya sirrin gida ce. Gaskiya ne. Amma "ya mai jiki?" ba tonon asiri ba ne.

Roƙonmu shi ne: monita ya sanar da malamin aji idan wani yana jinya. Malamai su tambayi dalili kafin bulala. Abokai su kwafa masa darasi, su je dubiya tun mai jiki yana iya amsa gaisuwa. Mu maza kuma mu karɓi 'yan uwanmu mata kwanan jinya, tun da uban namu ne duka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Ƙungiyar 'Yan Jarida