Gusau Da 'Yan Gudun Hijira: Wannan Baƙo Ba Raɓa Ba Ne

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. A ganina, bisa wannan karin magana hukumomin Jihar Zamfara suka gina tunaninsu game da dubban mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, suka kwararo Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ana kai musu shinkafa da tabarmi, ana jiran su koma gida. To, tun kisan gillar 'Yar Galadima a 2014 ake wannan jira. Yaron da aka goyo zuwa Gusau a wancan lokaci ya isa shiga sakandare.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar hijira kanta tana ɗauke da gargaɗi. Hijirar Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804 ba ta ƙare da komawa Ɗagel ba. Birane ta haifar. Ita ma Gusau, Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, shi da jama'ar da suka baro 'Yandoto, har masu tarihin baka na danganta sunanta da kalmar gusawa.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gusau mutum 383,162, Tsafe 266,008, Bunguɗu 257,917. Ba a sake ƙidaya ba. Ke nan famfo da magudanar ruwa da ajin makaranta da gadon asibiti duk ana auna su ne da mudun da ya riga rikicin. Mafi yawan masu gudun hijirar ba a sansani suke ba. Suna cikin kangwaye da gidajen dangi da gefen gari, inda ake yanka filaye ba hanya ba lambatu. Kuɗin haya ya tashi, mata da yara sun cika shataletale da bara, kwalara kuwa, kamar wadda ta ɓarke a 2021, irin wannan cunkoso take nema. Gefen garin ma ba mafaka ba ne: a Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumban 2023.

Ban raina titunan da gwamnatin Dauda Lawal ta shimfiɗa a ƙwaryar Gusau tun 2023 ba. Amma kwalta a tsakiyar gari ba ta shayar da mazauna kango. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kamfala tun 2012, wadda ta tanadi cewa mai gudun hijira yana da zaɓin zama inda ya samu kansa. Dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Saboda haka sai hukumar tsara birane ta ƙirga mutanen nan unguwa-unguwa, ta fitar da fuloti masu rahusa a kan hanyar Tsafe da ta Bunguɗu, a ja ruwa a haƙa lambatu kafin a aza tubali na farko.