Ra'ayinmu: Ruwan Famfo Ba Ruwan Kogi Ba Ne

A shekarar 1974 ne gwamnatin marigayi Audu Bako ta kammala madatsar ruwa ta Tiga, a daidai lokacin da jama'a ke farfaɗowa daga farin 1973. Amma tara ruwa daban, kai shi gida daban. Kafin ya iso famfo sai an tace shi da alif, an kashe ƙwayoyin cutar cikinsa, sannan injuna masu cin lantarki su turo shi, kuma da kuɗin jama'a ake yin duk wannan.

Abin takaici, a gidajen ma'aikata da makarantun kwana, inda famfo yake kusa, can aka fi ɓarna. Sai a saki famfo yana kwarara cikin kwata saboda tukunya ɗaya tak, alhali baho biyu sun isa wanke-wanke, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya. Ruwan ɗaurayar tufafi ya isa goge daɓe da kora ban-ɗaki. Na wankin shinkafa kuwa a ba shuka ko awaki.

Duk bokitin da aka zubar a nan, wata uwargida da ke ƙarshen bututu ce za ta saye shi a hannun mai garuwa. Saboda haka muna kira ga magidanta da shugabannin makarantu su fara da gyara famfunan da ke yoyo dare da rana.