Tsohon Tankin Jirgi Ba A Yi Masa Faci

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, waɗansu manoman ƙasar Rano, daga Dawaki har Rurum, suka sami sana'a ta biyu. Da damina mutum yana gona, in an girbe gero da dawa sai ya koma bakin ruwa, ko su ko fito. Mafi yawa da kwale-kwale suke aiki, amma akwai masu ɗaura inji a bayan jirgi, sau da yawa kuwa injin da tankinsa tsofaffi ne, na hannu.

To, ga abin da ya kan faru. Jirgi ya yi wata huɗu a ajiye, mai shi yana can yana noma. Da kaka ya zo ya ta da inji, ya tafi kaɗan sai inji ya yi tari ya mutu. Nan da nan sai a ce fulogi ne, a sayo sabo. Gobe a ce kafireta ce, a kai wa bakanike ya wanke. Jibi ciwon ya dawo, domin tushensa yana cikin tanki, ba wanda ya leƙa.

Gwada tanki ba shi da wuya, ba ya kuwa cin ko kwabo. Mai jirgi ya ari tankin maƙwabcinsa da tiyonsa, ya haɗa da injinsa ya zagaya. In inji ya tafi sumul, shi ke nan an wanke shi, laifin na tanki ne ko tiyo. Sa'an nan ya duba ɗan maɓallin iska da ke bisa murfi. In ya toshe, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita, sai inji ya yi ta zuƙa a banza. Alamarsa ita ce a ji huci in an kwance murfin. Robar nan ta tsakiyar tiyo da a kan matsa, ya kamata ta yi tauri bayan an matsa ta sau kaɗan, kibiyar da ke jikinta kuma ta fuskanci inji.

Babban gwaji shi ne na kwalba. A tsiyayo man ƙasan tanki cikin farar kwalba, a ajiye ta ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka za a gan shi a ƙasa, wani lokaci da jan gari, watau tsatsa. Ruwan nan ba lalle daga tafki ya shiga ba. Tankin da aka bari rabi da mai rabi da iska ya kan yi gumi a ciki in dare ya yi sanyi, gumin ya taru a gindi ya yi ta cin ƙarfe. Wani kuma tare da man a kan sayo shi, musamman na 'yan bumburutu. Ko na gidan mai ma ba a rantse masa, masu mota ba su manta da gurɓataccen fetur na Fabrairu 2022 ba, wanda aka shigo da shi ƙasar nan da sinadarin metanol fiye da kima.

In ruwa ne kawai, a juye a shanya. Amma tankin ƙarfe da tsatsa ta kama cikinsa, ko ya fara yoyo, ya gama aikinsa. Liƙe shi da sabulu ko gam gyaran gangar Abzinawa ne, gama tsatsar da ta huda wuri ɗaya ta riga ta cinye kewayensa. Kai shi wurin mai walda ya fi muni. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari gaban wuta, don tururin fetur ne ke fashewa. Tururin nan kuma ya fi iska nauyi, in tanki yana yoyo sai ya kwanta a cikin jirgi, yana jiran mai kunna taba.

Mai jirgi zai ce sabon tanki da tsada, gaskiyarsa kuwa. Sai dai tun da aka janye tallafin mai a 2023, kowace lita da ta zube kuɗi ne mai ciwo, balle kuɗin fulogi da bakanike. Balle kuma inji ya mutu a tsakiyar Tiga da yamma, iska ta taso, ga mata da yara da buhunan hatsi.

A sayi tankin roba mai kauri wanda aka yi musamman domin fetur, irin jan nan mai cin wajen lita 25. Jarkar man gyaɗa ba ta isa ba, ba ta da mashigar iska, rana kuma tana gasa ta ta tsage. A sake tiyo tare da tanki, domin tsohon tiyo ya kan ruɓe daga ciki. In injin mai shan gauraye ne, a bi awon da maƙeransa suka faɗa. Ga yawancinsu kashi 1 na man gauraye ne cikin 50 na fetur, watau rabin lita ga lita 25. A ɗaure tankin a inuwa inda ba zai yi birgima ba. In damina ta kama za a koma gona, a juye sauran man cikin injin ban ruwa ko a ƙarar da shi, kada ya kwana wata huɗu a tanki, sai dai a tuna wanda aka gauraya ya kan sa injin ban ruwa hayaƙi.