Ta baro gidan duka, kada mu tarbe ta da gori

A garuruwanmu, idan mace ta dawo gidan iyayenta da kumburarriyar fuska, yara uku na biye da ita, abin da take fara ji shi ne: "Ki yi haƙuri, zaman aure ke nan." Kwana biyu a zo biko, a maida ita. Ni ban yarda da wannan ba. Wadda ta tsira da ranta da ƴaƴanta ba ta jawo wa kowa abin kunya ba. Mai dukan ne ya kamata ya sunkuyar da kai.

Buƙatunta a fili suke: wurin kwana, ɗan jari, da kada karatun yara ya tsaya.

Iyaye mata, a jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, kuma har yau asusunsu na tada mata. Ku sa ta cikin naku. Rancen jika goma zai iya fara mata suyar ƙosai, ta daina miƙa hannu wurin wanda ya dake ta.

Malamai, yaron da ya ga ana dukan uwarsa yakan zo lakol a firgice, ya yi barci a aji ko ya riƙa cin zalin ƴan'uwansa. Bulala ba za ta gyara shi ba, ita ya baro a gida. Ku karɓe shi ko a tsakiyar shekara ne, ku ɗaga wa uwar ƙafa kan kuɗin da ake tarawa, kada ku tone asirinta gaban ɗalibai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kama mata.