Kakar Wasa Tana Wucewa, Alƙalumanmu Suna Barci

Rubutun wannan makon ƙorafi ne, kuma a kanmu yake.

Ku leƙa gidan kallon ƙwallo a Kazaure ranar Asabar da yamma, ko teburin mai shayi a Babura, ko majalisar matasa a Roni da Gwiwa bayan sallar isha'i. Za ku tarar da mutanen da ke bin labari guda tun daga watan Agusta har zuwa Mayu ba su tsallake babi ko ɗaya ba. Ƙungiyoyi 20 ne a Firimiyar Ingila, kowacce tana buga wasa 38, wasa 380 ke nan a kaka. Yaron da ake cewa ba ya iya karanta shafi biyu zai faɗa maka Erling Haaland ya zura ƙwallo 36 a kakar 2022/2023. Zai faɗa maka PSG ta biya Yuro miliyan 222 kafin ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017. Zai warware maka yadda Victor Osimhen ya tafi Galatasaray aro a 2024 kafin daga baya su saye shi. Idan kasuwar musayar 'yan wasa ta buɗe, a shafin Fabrizio Romano datarsa ke ƙarewa. Wannan yaron makaranci ne cikakke: yana riƙe sunaye, yana riƙe shekaru, yana ɗokin jin ci gaba. Mu ne ba mu rubuta masa komai ba.

To ku gwada shi da na gida. Jigawa Golden Stars, ƙungiyar jiharmu, ta hau babbar gasar Nijeriya a 2019, ta faɗo a 2021. Wa ya tsare mata raga a waɗannan shekarun? Wa ya fi ci mata ƙwallo? Wane wasa ne ya karya ta? A nan bakin kowa ke mutuwa. Kano Pillars da ke kusa da mu ta ɗauki kofin gasar a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18 a kaka guda yana saurayi, ya tafi Turai, ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, ya dawo gida ya sake sa rigar Masu Gida. Tun kafin a kafa Pillars a 1990, Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Duk mai littafin Hausa a kantarsa da ya ba da ɗaya daga cikin waɗannan labaran daga farko zuwa ƙarshe, don Allah ya ɗauko hotonsa ya nuna mana.

Bari mu ɗan je Amurka, domin a can ne aka fi nuna abin da alƙalami ke iya yi wa wasa. Suna da wani wasa da ake kira besbol: a jefo ƙwallo, mai riƙe da kulki ya make ta, ya zagaye fili da gudu. A babbar gasarsu ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 a kaka. Masoyan wasan suna bin sa kullum tun daga bazara har zuwa Oktoba, suna jiran ƙarshen Yuli lokacin da ake rufe musayar 'yan wasa, suna ƙirga wanda ya kusa kafa tarihi. Ranar 8 ga Afrilu 1974 ƙasar ta tsaya cak tana kallon Hank Aaron ya wuce adadin 714 na bugun tsallake katanga da Babe Ruth ya bari. Ta yaya suka san 714 ne? Saboda tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Henry Chadwick, ya tsara yadda za a riƙa rubuta sakamakon kowane wasa a ɗan jadawali, da sunan kowane ɗan wasa da abin da ya yi. Har gobe ƙungiyar marubutan wasan, wadda aka kafa a 1908, tana kaɗa ƙuri'ar waɗanda za a shigar zauren gwarzaye da ke Cooperstown.

Ga abin da ya fi dacewa da mu a tarihinsu. Shekaru da yawa an hana baƙaƙen fata buga babbar gasar, sai suka kafa nasu gasannin. Jaridun baƙaƙen fata irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier suka riƙa buga sakamakon wasanninsu, alhali manyan jaridu ba su cika kula su ba. A Disambar 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙen fata da aka buga tsakanin 1920 da 1948 daidai suke da tata. A Mayun 2024 aka shigar da alƙalumansu cikin kundin tarihi, sai ga Josh Gibson ya hau saman Ty Cobb a ƙwarewar bugu. Gibson ya rasu a Janairun 1947, watanni kaɗan kafin Jackie Robinson ya karya wannan shinge na wariya. Bayan shekara 77 da rasuwarsa aka ba shi haƙƙinsa, kuma tsofaffin jaridu ne suka ƙwato masa. Wasannin da ba a samu rubutaccen sakamakonsu ba kuwa, ba a lissafa su ba. Wanda ya zauna a gefen fili da fensir a wancan zamanin bai san zai zama mai shaida ba.

Mu dawo gida mu dubi dambe. Kowane Bahaushe ya san sunan Shago da Ɗandunawa, kuma waƙar Ɗan Anace ce ta riƙe mana su. Waƙa tana riƙe suna da kwarjini, amma ba aikinta ba ne ta faɗi rana da gari da yawan turmin da aka yi kafin kisa. Yau ma 'yan damben Kudu da Arewa da Guramaɗa suna karawa a Kano da Abuja da garuruwan da ake cin kasuwa bayan kaka. Ana ɗaukar bidiyo a waya, wayar ta faɗa ruwa ko a sayar da ita, shi ke nan. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke tsallaken iyakar Babura, sun fi mu a nan: gasar kokawarsu ta Takobi tana gudana tun 1975, kuma ana iya jero sarakunanta shekara bi shekara, har a zo kan Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauki takobin sau da dama. Al'ada ɗaya ce, harshe ɗaya, amma su suna da jeri, mu muna da “an ce”.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin an saba ba da su a taron ƙungiya.

Na farko, wai ƙwallo shirme ce, ɓata lokaci ce, tana sa samari jinkirta salla, tana jefa su caca. Wani ɓangare na wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin rubutawa. Saurayin da ya zuba kuɗin jarin uwarsa a caca saboda ya tabbata ƙungiyarsa ba za ta sha kashi a gida ba, labari ne. Aminai biyu da suka daina gaisawa saboda gardamar Madrid da Barcelona, labari ne. Mai gidan kallon da ke lissafin man janareta da kuɗin tasha tun bayan cire tallafin fetur a 2023, yana duba benci yana ganin rabinsu ba kowa, labari ne. Marubucin da ya ce ba zai taɓa abu ba saboda akwai ɓarna a ciki, to me ya rage masa? Soyayya ma da muke rubutawa kullum ai akwai ɓarna a cikinta.

Na biyu, wai babu kasuwa, masu karatun Hausa soyayya da zaman aure kawai suke so. Ina girmama waɗanda suka gina wannan kasuwar, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, domin lokacin da suka fara babu wanda ya ba su tabbacin za a saya. Su suka samar da makarantansu. Mu kuma mun gaji kasuwar, mun zauna a rumfa ɗaya, muna sayar da kaya iri ɗaya, muna kukan samari ba sa karatu. Ka taɓa kai musu abin da ya shafe su suka ƙi? A Ingila, Nick Hornby ya fitar da Fever Pitch a 1992, littafi a kan rayuwarsa ta magoyin bayan Arsenal, wasa bayan wasa, har aka mayar da shi fim. Magoya bayan Arsenal na Kazaure, waɗanda da yawansu Nwankwo Kanu ne ya jawo su, suna da nasu labarin haƙurin, kuma da Hausa suke ba da shi.

Na uku, wai wannan aikin 'yan jarida ne. 'Yan jarida sun yi nasu. Masu shirye-shiryen wasanni a rediyo su suka ba mu “bugun daga kai sai mai tsaron gida”, da “satar gida”, da “bugun tazara”, da “ajin gajiyayyu”, suka ɗauko “kunnen doki” suka sa wa canjaras. Sun ƙera mana harshe sabo fil, mu masu kiran kanmu ma'abota harshe ba mu ɗauka ba. Amma rahoton rediyo na minti biyar ne, kuma wakilin da ke Dutse ko Kano ba zai zo gasar unguwanni a Gwiwa ba. Idan kai da ke zaune a garin ba ka rubuta ba, babu mai rubutawa.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Ka zaɓi ƙungiya guda a garinku, ko gidan dambe guda, ko ma gidan kallo guda. Ka sayi littafin rubutu. Duk wanda ya yi foliteknik a cikinmu ya san yadda ake cike littafin SIWES rana bi rana, to haka za ka yi. Ka rubuta kwanan wata, da fili, da sunayen waɗanda suka buga, da wanda ya ci, da mintin da ya ci, da sunan alƙalin wasa. Ka tambayi kowa yadda ake rubuta sunansa da laƙabinsa. Abin da ba ka gani da idonka ba, ka rubuta wanda ya faɗa maka. Kada ka ƙara gishiri a alƙaluma, ka ajiye gishirinka don ƙagaggen labari. Idan ɗan wasa ya bar ƙungiya ya koma wata, ka nemi dalili daga bakinsa da bakin kocinsa, domin musayar 'yan wasa a nan ma akwai ta, sai dai takalmi da kuɗin mota ake biya maimakon Yuro. Ka samu dattawan da suka buga a da, ka zauna da su tun suna raye. Kaka guda kawai ka yi haka, za ka tashi da tarihin da babu mai irinsa, da jarumai goma da ba ka ƙirƙira ba, da kunnen da ya koyi yadda mutane ke magana idan ransu ya ɓaci ko ya yi fari. Babu ajin koyon rubutun da zai ba ka wannan.

'Yan uwa mata, ban cire ku ba. Matar da mijinta ke dawowa tsakar dare ranar gasar zakarun Turai, da uwar da ɗanta ya tafi Kano gwajin ƙwallo bai dawo da komai ba, ku kuka fi kowa sanin muryarsu.

Ingila ba ta buƙatar mu riƙe mata tarihin Haaland, tana da dubban masu yi. Yaron da ya ci ƙwallo uku a filin makaranta a Roni makon jiya, ku kaɗai yake da su. Wanda ya yarda ya ɗauki ƙungiya, ya faɗi sunanta da garinta a ƙasa, mu san juna, mu haɗu a ƙarshen kaka kowa da littafinsa. Wanda bai yarda ba, ya kawo hujjarsa, ina nan ina jira.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.